Zaɓen kaɗe-kaɗen fiyano ga mai koyo

Zaɓen kaɗe-kaɗen fiyano shi ne hanyar da mai koyon fiyano yake bi wajen yanke shawarar kiɗan da zai kama bayan ya gama wanda ke hannunsa. Maganar ta fi shafar kiɗan gargajiyar Turai, wanda ake kira kilasikal, domin shi a rubuce yake, kuma ana son mai kaɗawa ya fitar da shi yadda mai shi ya rubuta, ba ƙari ba ragi. Ɗalibin makarantar kiɗa malaminsa ne ke zaɓa masa. Wanda yake koyo don sha'awa kawai, yana da wata sana'ar da yake ci da ita, shi ke zaɓa wa kansa, kuma yawanci abin da kunnensa ya fi so yake ɗauka. Kiɗan da ya fi ƙarfin mutum kan cinye masa watanni ba tare da ya kai ƙarshensa ba, wani lokaci har ya bar masa ciwon hannu, kuma yana cikin dalilan da ke sa manya su daina koyo. Abubuwa uku ne malamai suka fi dubawa: matakin da mai koyo yake, irin fiyanon da ke gabansa, da abin da sabon kiɗan zai koya wa yatsunsa.

Asali

An ƙirƙiro fiyano a birnin Florence na Italiya wajajen shekarar 1700, a hannun Bartolomeo Cristofori. Tun kafin ya yaɗu, masu tsara kiɗa suna rubuta wa ɗalibansu da 'ya'yansu ƙananan kaɗe-kaɗe na koyo. Johann Sebastian Bach ya kammala Inventions guda 15 masu murya biyu a 1723, kuma ya rubuta a gabansu cewa don koyarwa ya yi su. A 1725 aka fara littafin kiɗa na matarsa Anna Magdalena, wanda a cikinsa ne sanannen Minuet ɗin nan mai lamba BWV Anh. 114 yake. An daɗe ana jingina shi ga Bach, sai a shekarun 1970 masu bincike suka tabbatar da cewa na Christian Petzold ne.

A ƙarni na 19 fiyano ya shiga gidajen masu matsakaicin hali a Turai, sai kasuwar kaɗe-kaɗen koyo ta buɗe. Muzio Clementi ya riga ya fitar da ƙananan sonata guda shida, Op. 36, a 1797, waɗanda ya jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Op. gajarta ce ta kalmar opus, wato lambar aiki a jerin ayyukan mai tsara kiɗa. Robert Schumann ya biyo da Album für die Jugend, Op. 68, a 1848, mai kaɗe-kaɗe 43. Friedrich Burgmüller ya fitar da darussa 25, Op. 100, a farkon shekarun 1850, sai Tchaikovsky da littafinsa na yara, Op. 39, mai kaɗe-kaɗe 24, a 1878. Mafi tsari a cikinsu duka shi ne Mikrokosmos na Béla Bartók, ɗan ƙasar Hungary, wanda ya rubuta tsakanin 1926 da 1939. Kaɗe-kaɗe 153 ne a littafi shida, suna farawa daga ranar farko ta koyo har zuwa abin da ake kaɗawa a dandalin ƙwararru. Har yau waɗannan littattafai su ne ginshiƙin abin da ake bai wa mai koyo a shekarunsa na farko.

Matakan wahala

Hukumomin jarrabawar kiɗa sun rarraba kaɗe-kaɗe mataki-mataki, kuma mai koyon da ba shi da niyyar zama jarrabawa ma yana iya amfani da jerin nasu a matsayin ma'auni. Hukumar ABRSM ta Landan, wadda aka kafa a 1889, tana da mataki 8 bayan matakin share fage, kuma tana sabunta jerin kaɗe-kaɗen fiyano duk bayan shekara biyu. A jarrabawarta ta asali ɗalibi yana kaɗa kiɗa uku, ya hau tsanin sauti ya sauko, ya karanta wani gajeren kiɗan da bai taɓa gani ba, sannan a gwada kunnensa. Daga 2020 ta ƙara wata jarrabawar ta kiɗa huɗu da ake ɗauka a bidiyo a tura ta intanet, abin da ya sauƙaƙa wa waɗanda ke nesa da cibiyoyin jarrabawa. Trinity College London ma tana da mataki 8, makarantar Royal Conservatory ta Toronto kuwa 10 take da su. Kamfanin ɗab'i na Henle da ke Jamus yana sa wa kaɗe-kaɗen fiyano da yake bugawa lamba daga 1 zuwa 9: daga 1 zuwa 3 masu sauƙi, 4 zuwa 6 matsakaita, 7 zuwa 9 masu wuya. A Najeriya, ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da makarantar kiɗa da jarrabawarta ta mataki-mataki.

Lambobin nan ba su daidaita da juna. Mataki na 5 a Henle ya fi mataki na 5 a ABRSM nisa, domin ma'aunin Henle ya miƙe har zuwa mafi wuyar abin da aka rubuta wa fiyano, na ABRSM kuwa ya tsaya a bakin ƙofar karatun ƙwararru. Ban da haka, lamba ɗaya ba ta faɗin inda wuyar take. Wani kiɗan saurinsa ne matsala, wani buɗe yatsu, wani tsallen hannun hagu, wani kuma kowane hannu yana tafiyar kansa. Tazarar oktif ɗaya, wato daga do zuwa do na gaba, ta kai kusan santimita 16 da rabi a fiyanon yau, don haka kiɗan da ya cika da oktif yana iya zama wasa ga mai babban hannu, ya zama azaba ga mai ƙarami, alhali lambar da aka sa masa ɗaya ce.

Malamai suna da wani gwaji mai sauƙi. Mai koyo ya nemo wurin da ya fi wuya a kiɗan, wanda sau da yawa a tsakiya ko kusa da ƙarshe yake, ya gwada shi a hankali, hannu ɗaya bayan ɗaya. In ya iya karanta shi yana tafiya ko da da jan ƙafa, kiɗan na matakinsa ne. In kuwa sai ya tsaya ya lissafa kowane sauti kafin ya danna, to lokaci bai yi ba.

Sanannun kaɗe-kaɗe da ke yaudarar mai koyo

Yawancin masu koyon sha'awa wani kiɗa guda ne ya jawo su, kuma kusan kullum daga cikin 'yan kaɗan ɗin nan ne da ake ji a fim, a talla, ko a ƙarar waya. Matsalarsu ita ce farkonsu ya fi sauransu sauƙi.

Für Elise na Beethoven ne babban misali. An rubuta shi a 1810, amma sai a 1867 Ludwig Nohl ya buga shi, shekara 40 bayan rasuwar mai shi. Ɓangaren farko da kowa ya sani, wanda ya yi 'yan watanni yana koyo zai iya lallaɓa shi. Ɓangare na biyu yana da gudu mai sauri a hannun dama, na uku kuma yana son hannun hagu ya yi ta maimaita sauti ɗaya daidai wa daida yayin da dama ke danna sautuka a haɗe. Shi ya sa ake da mutane da yawa da suka iya shafin farko kaɗai. Haka sonatar Beethoven ta 1801, Op. 27 lamba 2, wadda ake yi wa laƙabi da hasken farin wata. Kashinta na farko a hankali yake tafiya, sautukansa ba su da yawa, sai dai yana buƙatar ƙaramin yatsan dama ya fito da waƙar a sama yayin da sauran yatsun hannun ke rada a ƙasa, kuma wannan aiki ne na shekaru. Kashi na uku kuwa na ƙwararru ne.

Mozart da kansa ya rubuta a kundin ayyukansa cewa sonatarsa mai lamba K. 545, ta 1788, ta masu fara koyo ce. Mai koyon yau da ya yarda da wannan magana zai sha mamaki, domin kiɗan ba shi da wurin ɓuya: gudun yatsu ne a fili, ƙaramin tuntuɓe ma ana jin sa. Clair de lune na Claude Debussy, wanda aka buga a 1905, yana amfani da baƙaƙen maɓallai biyar duka, ƙidayarsa tara-tara ce, tsakiyarsa kuma hannun hagu yawo yake yi daga ƙasa zuwa sama. Fantaisie-Impromptu na Chopin ya fi su duka nisa, domin dama tana kaɗa sauti huɗu a daidai lokacin da hagu ke kaɗa uku, kuma da gudu.

Ba a cewa mai koyo ya manta da waɗannan. Abin da malamai ke yi shi ne su nemo ƙaramin kiɗan da ke koyar da irin dabarar, a bi ta kansa. Mai son Mozart yakan fara da Clementi Op. 36, ya wuce zuwa ƙananan sonata na Friedrich Kuhlau, sannan sonata biyu masu sauƙi na Beethoven, Op. 49. Mai son Chopin yakan bi ta Burgmüller da Schumann, daga nan ya taɓa gajeru daga cikin Preludes 24 na Op. 28 da aka buga a 1839, musamman na 4 da na 6 da na 7. Na 7 gaɓa 16 ne kacal, ko da yake akwai wuri ɗaya a cikinsa da ke son hannu mai faɗi. Mai son Debussy kuwa Gymnopédie na farko na Erik Satie, na 1888, zai koya masa tsallen hannun hagu da taka feda ba tare da gudu ba.

Irin fiyanon da ke hannu

Littattafan koyarwa na Turai suna ɗauka cewa mai koyo yana da cikakken fiyano mai maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, masu nauyi a yatsa, da feda a ƙasa. A arewacin Najeriya irin wannan fiyano na katako da tsirkiya ba shi da yawa. Yana da tsada, masu gyaransa kaɗan ne, kuma yanayi ba ya raga masa: bushewar hunturu tana sa katakon cikinsa ya tsuke har sauti ya sauka, danshin damina kuma ya kumbura shi. Abin da aka fi samu shi ne fiyanon lantarki, yawanci na Yamaha ko Casio, wanda shi ne ma mutane suke nufi idan suka ce fiyano. Tun shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka rungumi samfurin PSR na Yamaha wajen waƙoƙin fim, har aka riƙa kiran salon da sunan kiɗan fiyano. Mai sha'awar koyo daga Kudan, Hunƙuyi, Makarfi ko Ikara, Zariya ce babban gari mafi kusa da shi, kuma a can ma irin wannan na lantarkin zai fi tararwa a coci-coci, situdiyoyi da makarantu.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan zaɓi. Yawancin waɗannan kayan maɓallai 61 gare su, wato oktif biyar, daga do na ƙasa zuwa do na sama. Kashin farko na sonatar hasken farin wata tun a gaɓoɓinsa na farko hannun hagu yake sauka ƙasa da wannan iyaka, haka ma sautin ƙarshe na Für Elise. Wasu kayan suna da maɓallin da ke gusar da sautin duka da oktif ɗaya, amma abin da aka samu a ƙasa an rasa shi a sama. Abin lura shi ne fiyanon zamanin Mozart da Haydn shi ma maɓallai 61 ne da shi, sai dai nasa daga fa yake farawa ya ƙare a fa, saboda haka akwai 'yan sautukan ƙasa a kaɗe-kaɗensu da na lantarkin yau ba shi da su.

Wanda ya fi dacewa da ƙaramin fiyano shi ne Bach. Kusan duk Inventions ɗinsa, da mafi yawan littafin farko na Das Wohltemperierte Klavier na 1722, a cikin oktif huɗu suke. Ba sa buƙatar feda. Kuma ɗaya daga cikin kayan da aka rubuta su dominsa, wato harpsichord, ba ya ƙara ƙara sosai komai ƙarfin dannawa, don haka na lantarkin da ba ya jin nauyin yatsa bai rage musu abu mai yawa ba. Littattafan farko na Mikrokosmos, da mafi yawan Clementi Op. 36 da Burgmüller Op. 100, su ma suna shiga cikin maɓallai 61, ko da yake waɗannan suna son kayan da ke bambanta dannawa mai ƙarfi da mai taushi. Chopin da Debussy da Satie kuwa ba su yiwuwa sai da feda. Ana sayar da fedar da ake jonawa daban, kuma ita ce abu na farko da ya kamata mai irin wannan buri ya nema. Wanda ya saba da maɓallai marasa nauyi yakan ji yatsunsa sun gaji da wuri ranar da ya zauna gaban na katako, shi ya sa ake ba da shawarar neman wurin da za a riƙa taɓa mai nauyin ko da jefi-jefi ne.

Wanda ya fito daga kiɗan coci ko situdiyo

Da yawa daga masu taɓa fiyano a arewa da kunne suka koya. A coci-coci, ciki har da na Wusasa inda mishan ɗin CMS ya koma daga cikin birnin Zariya a ƙarshen shekarun 1920, an fi koyar da waƙa da solfa, wato do re mi, kuma mai fiyano yana bin mawaƙa ne da kod, sautuka uku ko huɗu da ake dannawa tare. A situdiyo kuma na'urar ce ke ba da ganga da rakiya, hannun hagu aikinsa sauya kod kawai. Irin wannan makaɗi yana da kunne mai kyau, yana riƙe bugu, kuma bai jin tsoron kaɗawa a gaban jama'a, abubuwan da ɗalibin littafi yakan daɗe bai samu ba. Raunin da ya saba samu biyu ne: karanta rubutun kiɗa, da hannun hagu mai tafiyar kansa.

Matakinsa kan rikita shi, domin hannunsa ya yi gaba idonsa yana baya. Kiɗan da zai iya karantawa yana jin kamar na yara ne, wanda ya dace da yatsunsa kuma ba zai iya karanta shi ba, sai ya koma haddace shi daga bidiyon YouTube mai nuna maɓallai suna haske. Da wannan hanya ana iya haddace kiɗa ɗaya, amma na biyu ma daga tushe za a sake farawa. Abin da ya fi amfanarsa shi ne gajerun kaɗe-kaɗe masu yawa da ke ƙasa da ƙarfinsa. Malamar fiyano Elissa Milne ta Ostireliya ta yi suna da tsarin koyon kiɗa 40 a shekara, yawancinsu masu sauƙi, don ido ya saba da rubutu. Wanda ya saba da waƙoƙin coci masu murya huɗu zai ji kamar yana gida a kiɗa na 4 na Schumann Op. 68 da na farko a Tchaikovsky Op. 39, domin dukansu a kan salon waƙar ibada aka gina su. Hannun hagu kuwa Minuet ɗin Petzold da Invention na 1 su ne maganinsa.

Kaɗe-kaɗen Afirka

Jerin kilasikal bai tsaya a Turai ba. Akin Euba, wanda aka haifa a Legas a 1935 ya rasu a 2020, shi ya fito da ra'ayin kaɗa fiyano irin na Afirka, inda ake sa fiyano ya yi magana kamar ganga, da maimaici da bugu masu saɓawa juna. Daga ayyukansa akwai Scenes from Traditional Life na 1970 da Wakar Duru na 1987, wanda sunansa ya haɗa kalmar waƙa ta Hausa da duru, sunan da Yarabawa ke kiran fiyano da shi. Joshua Uzoigwe, wanda ya rayu daga 1946 zuwa 2005, ya bi wannan hanya da Talking Drums. Yawancin waɗannan sun fi ƙarfin mai fara koyo. Wanda ya cike giɓin shi ne William Chapman Nyaho, makaɗi ɗan asalin Gana, da littattafansa biyar na Piano Music of Africa and the African Diaspora waɗanda Oxford University Press ta buga, an jera su daga masu sauƙi zuwa masu wuya. A littafin farko akwai gajerun kaɗe-kaɗe na Nkeiru Okoye, Ba'amurkiya mai tushe a Najeriya, da Florence Price ta Amurka, da Isak Roux na Afirka ta Kudu. Bugu biyu a kan uku, wanda ke wahalar da ɗalibai da yawa a Turai, ba baƙo ba ne ga kunnen da ya tashi da kalangu da ganga, ko da yake jin abu daban ne da raba shi tsakanin hannu biyu.

Yawan abin da ake riƙewa lokaci guda

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kiɗa biyu ko uku a lokaci ɗaya: ɗaya mai sauƙi da za a gama cikin mako ɗaya ko biyu, ɗaya daidai da mataki, ɗaya kuma da ya ɗan ɗara ƙarfin mutum. Ana son su bambanta a zamani da sauri, kamar yadda hukumomin jarrabawa ke raba jerinsu kashi-kashi. Darussan motsa yatsu irin na Carl Czerny da guda 60 na Charles-Louis Hanon na 1873 akwai saɓani a kansu. Wasu malamai suna ganin dole ne, wasu suna ganin maimaita su ba tunani yana sandarar da hannu, kuma abin da suke koyarwa ana samunsa a cikin kiɗa na gaske. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne zafi a wuyan hannu ko gwiwar hannu alama ce ta a dakata. Schumann da kansa ciwon hannun dama ne a farkon shekarun 1830 ya raba shi da burin zama makaɗin dandali.

Akwai masu koyon sha'awa da suka karya wannan ƙa'ida da gangan. Alan Rusbridger, lokacin yana editan jaridar The Guardian ta Ingila, ya ɗauki Ballade na farko na Chopin, Op. 23, ɗaya daga cikin masu wuyar gaske, ya riƙa ba shi kamar minti 20 a rana. Shekara ɗaya ya ɗiba wa kansa, aikin ya wuce haka, kuma ya ba da labarin a littafinsa Play It Again na 2013. Sai dai shi ya koyi fiyano tun yana yaro, yana da malamai, kuma ya sami shawarar manyan makaɗa. Masu irin wannan mataki suna da gasanninsu, kamar gasar Van Cliburn ta masu kiɗan sha'awa da aka fara a Fort Worth ta jihar Texas a 1999.

Samun rubutun kiɗa

Kaɗe-kaɗen Bach, Clementi, Mozart, Beethoven, Burgmüller, Schumann, Chopin da Tchaikovsky duk sun fita daga haƙƙin mallaka, kuma ana sauke su kyauta daga shafin IMSLP da aka buɗe a 2006. Mai koyo yana iya sauke shafi biyu ko uku a waya ya kai shagon kwamfuta a buga masa, ya gwada kafin ya yanke shawara. Tsofaffin bugu na ƙarni na 19 sukan zo da alamomin da editoci suka ƙara da kansu, musamman a Bach, wanda bai cika rubuta alamar ƙarfi ko sauri ba. Bugun da ake kira Urtext shi ne mai ƙoƙarin nuna abin da mai kiɗan ya rubuta kawai, amma ga wanda ba shi da malami, bugun da aka sa wa lambobin yatsu ya fi amfani, domin yatsan da aka saba da shi bisa kuskure yana da wuyar sauyawa daga baya. Littattafan Nyaho, da ayyukan Euba da Uzoigwe, da littattafan jarrabawar ABRSM suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, sai dai a saya.